Kemara Mai Dogon Hanci Don Amariya

Litinin, hantsi

Assalamu alaikum jama'ar Sabiyal da kewaye, manya da kanana, mutanen Aliero masu albasa da masu dori, mutanen Jega masu tsadar kaya, mutanen Maiyama dangin uwata, yan kasashen waje in akwai, da ke Hafsat kanwata da nasan sai kin bude littahin ga in na hita. Dut ina gaisheku da hannu biyu. Mai magana shine Surajo Dogo, sarkin hoton kasar Aliero baki daya, wanda in yad daga waya ko akuya sai ta gyara tsayuwa.

Na sayi littahin ga don in rubuta tarihin sayen kemarata ta hwarko. Babba nika nuhi, irin wadda aka cire ma hanci a sa wani. Masu boko na ce mai lens, Amariya na ce mai hanci, kuma Amariya ta girme su.

Ga wanda bai sani ba, Amariya kakata ta, uwar babana marigayi. Sunanta na yanka Raihanatu, amma tunda anka kawo ta Sabiyal shekara sittin da wani abu sunan yab bita. Tun ina cikin zane take kirana ango. Ni na mijinta na yanzu, kuma kullum tana cewa bata taba auren rago irina ba.

Dut duniya babu hotonta ko guda. Na katin zabe ya goge, in ka duba kace tabon manja na. Na dauki biki ya hi dari da wayata, amma da na juyo wajenta sai taja mayahi ta ruhe huska.

"Kauce min da abin kiran mutane," haka take cewa. "Zamaninmu mai hoto da kemara shika zuwa, mai dogon hanci, ayi wanka a zauna. In kai namiji na kazo da irinta."

Shekara hudu tana hwada min haka ina dariya. Satin da yaw wuce anka kaita asibiti Birnin Kebbi. Ran nan sunka dawo da dan magani cikin leda. Ance likita yaja Kawu Tamu, kanen babana, waje sunyi magana. Bansan mi yacce ba kuma ban tambaya ba. Ni dai naga lokacin sayen kemara yayi.

Amariya lahiya lau.

Talata, bayan azahar

Na hidda buhu biyat na albasata daga rudu, rumbun da muka aje albasa. Kawu Tamu ya ishe ni ina daurewa.

"Kai Surajo, yanzu da kowa ka zuba albasa kasuwa? Ka bari damana ta wuce ka saida ninki ukku."

Nacce, "Kawu, damana tayi nisa."

Ya dube ni. Sai yak kama min bakin buhu munka dora kan mashin. Ban so haka ba. Naso shi yi min hwada kamar kullum.

Buhu biyat. Shi na karhina, ba kari.

Laraba, la'asar

Naje Aliero wajen Malam James, malamin sakandare na, mutumin kudancin Kaduna, shi ka daukan hoton cocinsu. Kemararshi ta lalace tun bara amma kanshi bai lalace ba. Na zamna kan benci ya bani karatu kamar dan aji daya.

Yace kemara iri biyu ta. Akwai mai madubi ciki, babba mai nauyi, ta kwana biyu a duniya saboda haka ta hannu tana arha, batir dinta na dadewa. Akwai marar madubi, yar yayi, bata da nauyi, sai nauyin kudi.

Nacce, "Malam, wace tahi megafizal? Ni mai miliyan hamsin nika so."

Yayi dariya hal yana buga kahwa. "Oga Surajo, allon titi zaka buga? Manta da wannan. Da buhu biyar, ka nemi karama ta hannu wadda tazo da lens dinta tare. Tare fa. Ka duba sau nawa ta kyafta, kamar yadda ake duba tafiyar mota. Ka haska tocila cikin lens kada kaga farin abu kamar yanar gizo. Batir, caja, memori. Shike nan."

Nacce dut na sani, gwada shi nikai.

Yace in hoton mutum guda nika so akwai wani hanci mai lamba hamsin, yana hidda huska tas baya shi narke. Ya nuna min cikin waya. Na dade ina kallo. Wata tsohuwa ta anka dauka, ta wata kasa, dut layin goshinta ya hita.

Alhamis, sahe

Mai madubi. Na yanke.

Alhamis, bayan la'asar

Marar madubi.

Juma'a, bayan masallaci

Jega. Na shiga shago ukku kamar mai sayen mota. Na hwarko waya kadai garai. Na biyu ya hiddo min marar madubi sabuwa dal cikin kwali, na rike ta kamar jariri, na tambayi kudi, na maida ta kamar garwashi. Buhu ashirin da bakwai in an lissaha da albasa. Nacce mai launin bai min ba.

Na ukku na da wata karama mai madubi, da hancinta tare, daidai yadda James yacce. Buhu hudu da rabi. Ta kyafta kadan, gilashi tas. Amma karama ta walle, kamar kwalin ashana babba. Hancin ma guntu. In na kai ma Amariya wagga sai tace na auro mata kishiyar waya.

Nacce mai ina dawowa.

Amariya lahiya lau. Tasha hura ludayi biyu.

Asabar, hantsi

Na shiga gaishe ta, Hafsat na mata hita da mahuci saboda zahi.

"Ina kwana amaryata, hasken gidana."

"Hasken gidan ubanka. Ina kemarar?"

"Tana hanya. Daga Japan anka taso da ita."

"Da kahwa?"

Hafsat ta kyalkyale.

Nacce, "Ke dai ki shirya. Ranar da zan dauke ki sai tsohhin garin ga sun biyo ni da sadaki."

"Kai ka biya naka tukun, mijin banza. Shekara talatin ko turmin atamhwa." Tayi tari ta huta. "In kana sayowa ka sayo. Ni ba gini bace da zaka ishe ni inda kab bar ni."

Nayi dariya sosai. Hafsat bata taya ni ba.

Lahadi, azahar

Yutub tun sahe. Wani bature yace Kanon. Wani yace Nikon. Wani dan Indiya yace dut su biyu sun tsuhwa, Soni. Data ta kare ban san komi ba wanda ban sani ba jiya.

Gobe insha Allahu zan yanke.

Litinin, la'asar

Na tahi Maiyama wajen Audu mai hoto, shi ad da shago kusa da tasha, abokin wasana na ta wajen uwa. Kemararshi baka kirin, hanci kamar tabarya. Na roki shi bari in taba.

"Wanke hannu, kana warin albasa."

"Albasar ta hi shagon ga naka daraja."

Na rataya ta ga wuya na duba madubi. Jama'a, an halicce ni don wagga aba.

Da yaji dalili sai yab bar wasa. Yace, "Surajo, bari wahala. Gobe da sahe in hau mashin in zo in dauki tsohuwa. Ko sisi bana so."

Nacce Allah shi kiyaye wani kato shi leka matata ta cikin gilashi ina raye. Kuma ita da bakinta tacce ni zan zo da ita. Sarkin hoto guda shi kira dan haya? A bakin mutanen Sabiyal hal jikokina.

Yace, "To ka hanzarta."

Kowa sai yace ka hanzarta. Ina zuwa aka yi?

Talata, sahe

Bata sha hurar ba. Zahin gari na.

Laraba, bayan magariba

James ya kira. "Ka sayi karamar nan ta Jega?"

Nacce ina nazari.

"Sati guda kana nazari. Oga, ba kemara kake zabe ba."

Nacce to mi nika zabe? Sai yace shi dai yana min addu'a. Na kashe waya. Mutum shi zo garinku shi koya maka abinda ke ranka.

Gaskiya dai in na sayo to dole in dauka. In na dauka kuma an dauka kenan.

Bar wagga magana. Amariya lahiya.

Alhamis, hantsi

Gwaggo ta iso daga Kimba da jakar kaya babba. Ba biki, ba suna. Tace ziyara ta.

Alhamis, azahar

Na koma Jega da gudu. An saida karamar. Tun Litinin.

Na tsaya bakin shago kamar wanda anka kwace ma mashin.

Juma'a, la'asar

ALLAHU AKBAR. Jama'a ku taya ni murna! Na samu! Wani mutum Sakkwato ya sa ta wasaf, Nikon babba, mai nauyi kamar bulo, irin wadda in ka rataya ko dan sanda sai shi gaishe ka. Buhu hudu cif. Yace gangar jiki ta kadai, ba hanci, shi yasa tayi arha. Nacce hanci matsala na? Jega cike take da hanci.

Ban gaya ma James ba. Zai hwara "tare fa, tare fa."

Direba ka kawo ta tashar Jega gobe.

Asabar, azahar

Ta iso cikin kwalin taliya an nade ta da tsohon rawani. Batir, caja, memori, dut akwai. Na kunna ta kawo wuta. Na danna tace kacak. Wani dan kamasho yace, "Alhaji, gidan talabijin na?" Nacce kusan haka.

Daga nan na wuce layin yan gwanjo. Wani mai tebur yana da hanci guda cikin tsohhin rediyo da rimot. Na duba, lamba hamsin! Irin wanda James yan nuna min. Na haska tocila, ba yanar gizo. Na bashi sauran buhu gudan ban ko taya ba.

Na taho gida ina waka kan mashin.

Asabar, bayan la'asar

Bai shiga ba.

Lahadi, sahe

Na juya dama, na juya hagu, na shahwa man kade kadan. Bai shiga ba.

Na kira James ta bidiyo na nuna mai. Ya dahe kai.

"Oga Surajo, karanta abinda aka rubuta a jikin lens."

Na karanta. Kanon.

"A jikin kemara fa?"

Nikon.

"Kowane kamfani da irin bakinsa. Wannan ba zai hau wannan ba. Kada ka matsa, kada ka taba komai. Gobe ka mayar wa mutumin ya ba ka kudinka."

Nacce to. Amma a raina nacce mu mutanen Aliero da aka kawo muna mutum daga Legas kashi ya karye gida ukku mu dora shi ya tashi da kahwarshi, a ce gilashi ya gagare mu dorawa?

Litinin, azahar

Na kai ma makerin bakin kasuwa, wanda ka gyara muna galma. Ya duba bakin kemara, ya duba gindin hanci, yace hakora ukku na sunka yi yawa. Ya dauko zarto ya goge su tas. Na rike mai da kaina ina cewa kara nan, kara nan.

Yanzu yana dan zama bisa bakin, amma baya kamawa. Da ka saki sai shi hwado. Na daure da robar tayar mashin. Na leka. Duniya dut hazo, kamar ka bude ido cikin kunu.

Talata, hantsi

Mai tebur na Jega ya juya hancin ya ga wurin zarto. Yace, "Malam, ni lahiyayye na baka. Wanga kaciya anka yi mai." Yan layi sunka yi ta dariya. Nima na taya su, don ba a barina baya wajen dariya.

Bisa hanya na tsaya gindin wani iccen bedi na dade. Ba komi. Mashin na yayi zahi.

Laraba, la'asar

Na saida wayata. Wadda nad dauki biki dari da ita. Na kai ma James kudin, bai ce min "na gaya maka" ba, wanda ya hi zagi ciwo. Ya kira wani dan cocinsu Kaduna mai shagon kemara, za a sa hancin da yad dace cikin mota. Yace Litinin ko Talata.

Nacce, "Malam, kahin nan ba dabara?"

Yace in murza dan abin juyawa na saman kemara zuwa harahin M, in rike hancin Kanon din da hannu dab da baki, zata kyafta. "Amma abin da ke kusa sosai kadai zai fito, kamar tsawon hannu. Mutum a zaune nesa ba zai fito ba. Kada ka dogara da shi."

Litinin ba nisa. Kwana biyat.

Alhamis, sahe

Hafsat ta gaya ma Amariya kemara ta iso. Wa ya aike ta?

Tace in kawo ta gani. Na rataya na shiga, na tallabe hancin da hannu kamar ado na. Ta shahwa jikin da yatsa.

"To. Yau ka zama namiji. Wagga kam tayi kama da ta mutane."

Nacce sai Litinin za a dauka, dole kemara ta huta gajiyar hanya.

"Kai ka san Litinin," tacce.

Juma'a, bayan magariba

Ta sa Hafsat ta kwaba lalle ta daura mata hannu da kahwa. Gwaggo na ta hita tsakar gida tana hyace hanci tana dawowa.

Asabar, bayan la'asar

Zan rubuta wanga dut, don kada wata rana in gyara shi in maida kaina gwani.

Da hantsi Hafsat ta rugo ta ishe ni gona. "Yaya, Amariya ta tashi! Da kanta ta zamna. Tace a dahwa ruwan wanka, kuma a kira ango, yau za a dauka."

Na iso na ishe gida kamar sallah. Wadda kwana tara bata taka kasa ba, gata tsakar gida kan kujera gindin darbejiya. Tayi wanka, ta sa kwalli, ta daura bakin zanen saki da nike jin labarinshi ban taba gani ba, murjani ga wuya, dan kunnen azurhwa. Ta sha hura rabin kwarya. Matan unguwa sunji labari sun cika gida, sun hi talatin, wasu bisa katanga. Kawu Tamu na tsaye bakin zaure.

Na ja Kawu gehe don in gaya mai gaskiya. Na bude baki, sai yacce, "Allah shi yi ma albarka Surajo, kai ka tada ta." Na ruhe bakin.

Na ari wayar Hafsat na kira Audu Maiyama. Yana Koko wajen biki, sai gobe.

Mata sun hwara daga wayoyi. Amariya ta kai hannu ga mayahi. "In naga abin kiran mutane na tashi."

Nan ne ya kamata in yi shiru. Ko in kyafta ma Hafsat ido ta labe bayan rumbu da wayarta. Amma mutum talatin na kallona da kemara ga wuya. Sai naji bakina na cewa, "Kowa ta maida wayarta! Kwararre ya iso! Wanga aikin manya na, ba na yan koyo ba!" Hal na dauki kwarya na bi na tattara ta Hafsat da ta Gwaggo da ta matan gidanmu na kai daki na ruhe. Anka yi min guda.

Na durkusa gabanta. Na tallabe hanci. Na leka. Hazo.

"Ango, in yi dariya ko in daure?"

"Daure, ke matar manya ta."

Ta gyara zama, ta daga habarta, ta dora hannu bisa gwiwa. Ban taba ganinta haka ba. Da idona nika gani, ta saman kemara. Kacak. Kacak.

"To yanzu yi dariya."

"Bani da hakora, dan nema."

"Nawa sun ishe mu mu biyu."

Sai tayi. Dut gidan anka dauka. Kacak, kacak, kacak. Na tashi, na duka, na kwanta kasa kamar yadda na gani yutub, mata na ta shewa. Na matso kusa tace na cika mata huska da warin albasa, ta miko hannu taja min kunne. Kacak.

Da ta gaji tacce, "Mu gani."

Nacce, "Sai an wanke, Amariya."

"Awo. Haka akai zamaninmu. Kwana nawa?"

"Bakwai."

"Bakwai." Ta dubi Kawu Tamu can bakin zaure, shi kuma yad dubi kasa. "To ango, kace musu suyi sauri."

Anka kama ta anka maida daki.

Lahadi, azahar

Na kai ma James memori ya sa cikin laftof. Guda arba'in da daya. Munka bi su daya daya. Baki da kore da wani haske tsakiya, shi na ita. Ko mace ko rumbu baka iya cewa.

Guda kadai ya hita. Sanda taj ja min kunne. Yatsu ukku, jan lalle, dut tsagar hwata ana gani hal da dan tabon wuka na yankan kubewa. Tas kamar ka taba.

James yace, "Wannan hoto ne mai kyau fa."

Nacce ai da gangan nayi, salon turawa na. Bai yi dariya ba, ya tashi ya kawo min ruwa.

Litinin, sahe

Bata tashi ba. Motar Kaduna bata taso ba, fasinja basu cika ba.

Talata, la'asar

Na shiga. Ta bude ido. "An wanke?"

"Ana shanya."

Ta ruhe.

Laraba, azahar

Hanci ya iso. Na sa, na juya, yace kyat. Na leka, na ga kudan da ke bisa katangar makwabta hal kahwahunai. Ashe haka abin yake da sauki.

Na rataya na shiga dakin. Gwaggo na bata ruwa da cokali yana dawowa ta gehen baki. Na tsaya. Hafsat ta daga kai tace a hankali, "Yaya, dauka mana."

Na daga. Na leka. Komi ya hita tas.

Na sauke. Wadda tayi wanka tas sa kwalli don a dauke ta, ba haka tacce a ganta ba.

Na hito.

Alhamis, hantsi

Ko ta sake tashi kamar ran Asabar. Tunda tayi sau guda. Na caja batir ya cika. Ina zaune kohwar daki.

Alhamis, la'asar

Ina zaune.

Juma'a, bayan masallaci

An shimhida tabarmi kohwar gida. Ni na shiga ramin na karbe ta, ni da Kawu. Bata da nauyi ko na kemara.

Asabar

Mutane.

Litinin, hantsi

Anyi sadakar ukku jiya. Mata na ta tambayata, "Surajo ina hoton? A wanke muna babba mu rataya." Gwaggo tace tana son nata kahin ta koma Kimba. Jiya bayan an watse na zamna da Kawu Tamu na gaya mai dut, tun daga zarto. Ya saurare ni hal karshe. Sannan yacce, "Ita dai ta zamna an dauke ta, kuma taji dadi. Saura namu na." Ya tashi ya shiga gida.

Hafsat, nasan kina karantawa. Na yahe miki. Ki dauki littahin ga ki bi gida gida, ki karanta ma wadda bata iya ba, kada ki tsallake wurin da nayi abin kunya.

Yanzu ku nika ma magana, matan Sabiyal da kunka cika gidanmu ran Asabar, musamman na bisa katanga da na bayan rumbu. Na san ku. Shekara goma ina daukan bikinku, ba a taba cewa ku aje waya kunka aje dukanku ba. Dole akwai mai taurin kai guda da ta daga tata ta karkashin hijabi. Na rantse bana hushi. Sarkin hoto ya sauka, ke ce sarauniya, zan dauki bikin diyanki dut kyauta da babbar kemara hal in tsuhwa. Ki turo ta wayar Hafsat, tawa na saida. Ko ya karkace, ko kan wata ya tare rabi, ko keyata ta cika gaba, indai huskarta ta hita ko kadan. Don Allah ki turo min.